Wayar da Kalibu Ya Yanke

Jawabin Ezra Nomau a taron tunawa da marigayi Kalibu Maidawa, harabar majami'a, Tsibiri, Asabar 4 ga Afrilu 1987.

Wakilin Mai martaba Sarkin Gobir, wakilin sufurefe mai mulkin gundumarmu, Fasto da dattawan ikilisiya, Malam Liman da ka tako har nan domin maƙwabtaka, sarkin tasha da direbobin Maraɗi, masu gyaran mota abokan sana'ar marigayi, Inna Uwani da dukan dangin Maidawa, matarsa Alisabatu, ƴaƴansa Luka da Dorkas, jama'a maza da mata: ina gaishe ku. Sannunku da zuwa cikin wannan zafi.

Da dattawa suka ce ni zan yi magana yau, na roƙe su su nemi wani. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Kalibu, akwai waɗanda suka fi ni baki. Suka ce ai ni ne mai rubuta komai. Wannan gaskiya ce. Tun ina kolej nake da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, yanzu ina kan na ashirin da uku. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman sunansa. Na same shi a wurare da yawa, amma shafi huɗu ne suka hana ni sakat, kuma su zan karanta muku. Kafin nan, bari mu tuna ko wane ne muka rasa.

Ya kasance ɗan Maidawa, manomin da bai taɓa shuka ba sai ya yi yanka irin na kakanninsa. Kalibu ya bi Almasihu tun yana saurayi, amma ba a taɓa yin damina ba tare da ya ɗauki hauya ya tafi gonar yayarsa ba. Inna Uwani, ga ki nan zaune, ke ce shaida.

Ya kasance mutumin da bai wuce aji biyu a lakol, makarantar boko, ba, amma idan ya matse waya tsakanin babban yatsa da manuni zai gaya maka kaurinta, ka auna ka tarar haka ne. Mun gani da idanunmu. Mun sha gwada shi don wasa, ba mu taɓa kama shi ba.

Ya kasance mai tambaya uku. Duk direban da ya taɓa kai masa rediyo, ko amfili, wato akwatin nan mai ƙara wa murya da kiɗa ƙarfi, ya san su. Ina ganin wasunku suna murmushi. Abin nan nawa yake sha? Daga batir zuwa inda zai zauna, tafiyar nawa ce? Kuma wutar, ta ina za ta koma gida? Sai ya samu amsar ukun nan yake taɓa waya. In abin mai sha ne da yawa, waya mai kauri. In tafiyar da nisa, a ƙara kauri. Wayar komawa kuwa, wadda suke kira mas, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, dole kaurinta ya zama daidai da na mai kawowa. Direbobi suna ce masa Kalibu mai tsawon magana. Amma babu motar da ta fito daga rumfarsa ta kama wuta. Sarkin tasha, in na yi ƙarya ka tsayar da ni.

Yanzu mu koma shekarar da ba mu son tunawa. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Rumbuna suka zama wofi tun kafin sanyi ya shigo. An rufe iyakar Najeriya, kasuwar Maraɗi ta yi tsit kamar gidan makoki. Mutane suka fara ɗaure kaya suna barin garuruwansu, wasu ba su san ma inda suka nufa ba. A lokacin ni ne sakataren kwamitin raba hatsin taimako, ƙarƙashin wani kapiten na soja da ba zan kira sunansa ba, mutum mai aiki tuƙuru da saurin fushi. Hatsin ya iso. Abin da ya rage shi ne mutanen ƙauye su ji rana da wurin da za a raba wa kowane gari, don su zauna inda suke. Aka ba mu amfili da lasifika biyu, aka ce a ɗora su a kan bashe ta kwamiti, motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda Idirisa yake tuƙawa. Kapiten ya ce mini: nemo mai gyara.

Ga shafi na farko. "Lahadi 11 ga Nuwamba 1984. Bayan sujada na tafi biro, ofishin kwamiti. Idirisa ya tafi suna Jiratawa. Na haɗa amfili da kaina. Ba wuya. Na sa wa kowace waya takarda."

Ban nemo mai gyara ba. Na yi kolej, na ci jarrabawar kimiyya, na ga babu dalilin jiran mutumin da bai gama aji biyu ba. Na ja waya matsakaiciya daga batir zuwa bayan mota. Da na zo kan mas sai na tuna an koya mana cewa ita sifili ce. Na ce a raina, abin da yake sifili me zai ɗauka? Na samo siririyar waya irin ta fitilar ɗaki, na naɗe ta a wani kusa na kujera, a kan fenti. Sannan na yanka ƴan takardu na rubuta wa kowace waya sunanta da kyakkyawan rubutu, na manna. Na kunna, na ce "ɗaya, biyu" a hankali, ya amsa. Na koma gida ina jin daɗin kaina.

Shafi na biyu. "Laraba 14. Kasuwar Tsibiri. Hayaƙi."

Abin da na iya rubutawa ke nan a ranar. Da yawanku kuna wurin. Mun tsaya tsakiyar kasuwa, na buɗe murya har ƙarshe, na ce: "Jama'a, ku saurara! Hatsi ya iso. Za a raba shi ranar..." Sai murya ta shaƙe, wari ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera. Idirisa ya yi tsalle ya fizge kan batir da hannunsa. Na hau bayan mota ina ihu da bakina, amma wa zai ji mutum ɗaya a kasuwa? Labari ya riga ya bazu: hatsi ya iso.

Washegari, tun da safe, mutane suka cika ƙofar sito a Maraɗi. Sun tako da ƙafa daga Tsibiri da ƙauyukan bayanta, tsofaffi da masu goyo, kowa da ƙwarya ko buhu. Ba ranarsu ba ce, ba wurinsu ba ne, takardun garuruwansu ma ba su iso ba. Suka yini a rana, aka ce su koma. Na tsaya a taga ina kallonsu suna juyawa. Ban san ko dukansu sun kai gida ba. Na sha tambayar kaina, har yau ban sani ba.

Kapiten ya ce zagon ƙasa ne. Kun san nauyin wannan kalma a wancan lokaci. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce mota ta direba ce, a kulle direba. Idirisa yana rantsuwa bai san wanda ya haɗa ba, suka tafi da shi. Ina tsaye a wurin, da takardu a hammata. Ban gaya musu ni ne na haɗa ba.

Da azahar aka tura motar rumfar Kalibu, aka ce in bi ta. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya daɗe. Ya jawo abin da ya rage na siririyar wayar, ta narke ta zama baƙi, ya ɗaga ta sama yana juyawa. Sannan ya cire wata ƴar takarda da wuta ba ta gama ci ba. Ya karanta a hankali, harafi harafi, yadda yake karatu. Ya dube ni.

Ya ce, "Wanga ba aikin direba ba ne. Direba ba shi raɗa wa waya suna."

Ya matso, ya zura takardar cikin aljihun rigata, ya daddaɓa aljihun, ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, yadda kowa ke kirana.

"Mushe Ezra, takardarka ta faɗi. Riƙe mini ƙarshen igiyar ga, mu auna mota."

Shi ke nan abin da ya faɗa a kai, daga ranar har ya koma ga Ubangiji.

Muka auna. Daga batir zuwa inda amfili zai zauna mita biyar. Ya juya amfilin ya sa na karanta masa abin da aka rubuta a bayansa, yawan wutar da yake sha. Ya rufe ido yana motsa leɓe. Ya ce milimita goma sha shida, ba ƙasa da haka ba, mai zuwa da mai komawa duka. Ni da ban daddara ba na ce, ai mai komawar gajeriya ce, kuma sifili ce.

Ya ce, "Mushe, kana zuwa Jiratawa? Ka ga ruwan da injin ban-ruwa ke turowa cikin babbar hanyar ruwa. In ya gama zagaya gona, ka ce ya fita ta cikin karan dawa, mi za ya faru?"

Na ce zai fasa.

"To ita wuta ba ta fasawa, ƙonawa take. Duk abin da ya tafi, shi ne ke dawowa. Ba ta rage ko kaɗan a hanya don ta ji an ce mata sifili."

Shekara huɗu na yi a kolej, babu wanda ya faɗa mini wannan yadda na ji shi a rumfar nan.

Muna cikin haka kapiten ya iso da soja biyu. Ya tambaya yaushe mota za ta yi magana. Kalibu ya ce sai an samu waya. Kapiten ya nuna tarin wayoyin da ke rataye a rumfa, ya ce waɗannan fa, igiyar shanya ce?

Kalibu ya goge hannunsa da tsumma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na sa waɗannan, yau za ta yi magana, gobe ta ƙone a Jiratawa. Sannan ka kulle ni, kuma ka yi daidai."

Mu da muke wurin muka sunkuyar da kai. A shekarun nan ba a yi wa mai kaki irin wannan magana. Kapiten ya ce gobe ƙarfe takwas, ko mota ta yi magana ko Kalibu ya bi direba.

"Na ji. Amma a ba ni direban. Ba ni haɗa wuta a mota mai ita ba shi nan. Wa za ya tada mini inji in gwada? Mushe?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Wanga ko keke sai an riƙe mashi."

Ɗaya daga cikin sojojin ya yi dariya bai shirya ba. Kapiten ya juya ya shiga motarsa. Kafin la'asar sai ga Idirisa, da hannu a naɗe, inda batir ya ƙone shi.

Mu uku muka zagaye Maraɗi. Babbar kasuwa, ƴan kayan mota, tasha, garejin manyan motoci. Kowa amsa ɗaya: irin wannan waya daga Kano take zuwa, kuma hanya a rufe. Wani ya ce a haɗa sirara huɗu a murɗe. Kalibu ya ce a hanyar ƙauye ɗaya za ta kwance, ukun su ɗauki kayan huɗu, a koma gidan jiya. Muka dawo rumfa hannu wofi, rana ta yi ƙasa.

Alisabatu, daga nan maganar taki ce.

Kin san injin waldarsa. Kin san cewa a shekarar nan ba gyaran rediyo ke ciyar da gidanku ba, don babu mai sauran marmarin kiɗa. Walda ce. Manyan motocin da ke ɗauko hatsi suna karyewa a hanya, shi yake shiga ƙarƙashinsu da dogayen wayoyinsa biyu, kowace mita shida. Ya tsaya a gaban injin nan. Ya kama ɗaya daga cikin wayoyin ya matse ta tsakanin yatsunsa. Idirisa ya gane kafin ni.

Ya ce, "Kalibu, kada ka yi. Wallahi gara in koma inda na fito."

Kalibu ya ce, "Kai wa ya ce don kai ne? Da wannan kan naka kamar tulu? Miƙo mini zarto."

Shafi na uku. "Alhamis 15. K. ya yanke wayar waldarsa. Mita biyar da kamu ɗaya. Na riƙe masa ita yana yankawa."

Ban taɓa ganin aiki irin na yammacin nan ba. Ya bi da wayar ta ƙarƙashin mota, nesa da duk abin da ke zafi ko motsi. Inda za ta ratsa ƙarfe ya sa mata guntun roba don kada ta gogu. Taƙi ɗaya daga batir ya sa fizibil, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ce mai gadi a bakin ƙofa yake zama, ba a ƙuryar ɗaki ba. Sai ya ɗauki kamu ɗayan nan, ita ce mas. Ya zaɓi wuri a jikin babban ƙarfen mota, ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, ya ɗaure da kusa, ya ja da dukan ƙarfinsa ya ga ba ta motsa ba. A kan guntuwar nan da na raina ya fi daɗewa.

Washegari ƙarfe takwas kapiten ya zo. Mota ta yi magana. Ya ɗaga wa Idirisa hannu alamar a tafi.

Shafi na huɗu. "Jumma'a 16. Jiratawa. Ban san muryar mutum na iya kaiwa can ba."

Kalibu ya ce sai ya bi mu. Ya zauna a bayan mota, tafin hannunsa a kan wayar tun daga Maraɗi. Muka tsaya a kan tudu, bakin fadama. Na ɗauki abin magana. Na ce, "Jama'a, ku saurara." Sai na ji muryata ta tashi ta haye gonaki, ta haye gulbi busasshe, ta bugi wancan gefe ta dawo mini. Tsuntsaye suka tashi daga itatuwa. Can nesa, mutanen da ke duƙe a gona suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar tururuwa. Na faɗi rana. Na faɗi wuri. Na faɗi sunan kowane gari. Na sake faɗa, na kuma sakewa, murya ba ta shaƙe ba. A kan hanyar kudu akwai wasu mata da kaya a kai da yara a baya, sun riga sun bar gida. Suka tsaya. Ta gaba ta sauke kayanta a ƙasa ta zauna a kai. Da na kai sunan garinsu sai ta tashi, ta ɗauka, ta juya.

Na waiwaya in ga Kalibu. Shi ba matan yake kallo ba. Ya ɗaga hannunsa daga kan wayar ya ce, "Sanyi ƙalau. Ci gaba, Mushe."

Kwana tara muka yi, gari arba'in da ɗaya. Motar nan har yau tana yawo, ita ce ta kira ku rigakafin ƙyanda bara, kuma wayar da ke cikinta ita ce dai. Mu mutanen kwarin nan, da yawa daga cikinmu muna zaune a garuruwanmu yau saboda mun ji wata rana da wani wuri a kan lokaci. Ba mu san ta cikin me maganar ta biyo ta iso kunnenmu ba.

Ya kasance mutumin da bai taɓa ba da wannan labari ba. Wayar da ta rage masa ya raba ta biyu, ta yi gajarta, ba ta kai ƙarƙashin babbar mota. Aikin ya koma wurin wasu. Ya koma liƙin tukwane da hauya da ƙafar keke. Alisabatu, kin yi surfe a gidajen mutane a shekarar nan, ke da ba ki taɓa yi ba. Dorkas ta bar lakol wata biyar. Na ji kin tambaye shi ina wayar, ya ce miki aiki ya ci. Na ji kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Kin ɗauka gwamnati ce ta ci. Kin ɗauka sakacinsa ne.

Shekaranjiya na tafi gidan Idirisa na faɗa masa abin da na faɗa muku yanzu. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Mushe, duk Maraɗi wa ke manna wa waya takarda in ba kai ba? Tun a kasuwa na gani. Sha ruwa." Shekara biyu da rabi yana gaishe ni kowace safiya. Idirisa, na gode. Ban cancanta ba.

Amma ke, Alisabatu, ban iya zuwa gidanki ba. Na zo ƙofar sau biyu na koma. Shi ya sa nake faɗa a nan, inda ba ni da hanyar juyawa. Ni ne na haɗa wayar da ta ƙone. Da na kira mijinki tun ranar Lahadi, da an samu kwanakin da za a aika Damagaram ko Yamai a nemo waya, da bai yanke tasa ba. Surfen da kika yi, ni na jawo miki. Ga takardar da ya sa mini a aljihu, da rubutuna a kai. Ki yafe mini in kin iya. In ba yau ba, zan jira.

Luka, taso ka karɓi wannan. Mita shida ce, milimita goma sha shida. Na sayo ta a Katsina bara, makon da aka buɗe iyaka. Wata goma sha ɗaya tana ƙarƙashin gadona. Kullum ina cewa gobe zan kai masa, kullum ina tsoron abin da zan faɗa in na miƙa. Na yi ta gobe har aka zo aka ce mini ya rasu. Rumfar taka ce yanzu. Ka matse ta da yatsunka ka gani ko na sayo daidai, don ni ban ƙara amincewa da idona a kan waya ba.

A madadin iyali, ina gode wa duk wanda ya tako, da matan ikilisiya da suka yi girki, da direbobin da suka kwaso mutane daga Maraɗi da Jiratawa ba tare da an roƙe su ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ka ba mu Kalibu, wurinka kuma ya koma. Ka ba shi hutawa. Ka riƙe Alisabatu da ƴaƴanta, ka sanyaya zuciyar Uwani. Ka ba mu damina mai albarka, kada ka sake nuna mana shekara irin waccan. Waɗanda suka juya daga ƙofar sito da ƙwarya wofi, kai ka san sunayensu, ni ban sani ba. Ka tuna da su. Mu kuma da muka rage, in an ba mu aikin da ya fi ƙarfinmu, ka ba mu tawali'un kiran wanda ya sani tun ranar Lahadi. Amin.